Tsohon Injin Naɗe Ciyawa: Tarihin da Ƙaramin Manomi Ke Saye a Gwanjo

A ƙarshen hunturu, lokacin da dusar ƙanƙara ta fara narkewa a jihohin tsakiyar Amurka irin su Iowa da Missouri da Nebraska, akan buɗe filayen gwanjon kayan noma. Ana jera taraktoci da garmuna da kekunan jan kaya, a gefe guda kuma a jera waɗansu manyan akwatunan ƙarfe masu taya biyu, ja da kore da rawaya, waɗanda rana da ruwa suka koɗar musu da fenti. Su ne injinan naɗe busasshiyar ciyawa, masu tsince ta daga ƙasa su naɗe ta kamar tabarma, har ta zama dami mai siffar ganga wanda nauyinsa kan kai na ɗan bijimi. Babban manomi ba ya daɗewa a wannan layi, domin shi sabo yake ɗauka a wurin dila. Mai tsayawa ya leƙa nan ya taɓa can shi ne mai shanu ashirin ko talatin, wanda kuɗin sabon inji zai cinye ribar garkensa ta shekaru da dama.

Abin da mutumin nan zai zaɓa a wannan rana shi zai yanke yadda shanunsa za su ci a hunturu mai zuwa. Ciyawar da aka yanka kwana biyu ko uku take buƙata ta bushe, kuma da zarar ta bushe dole a kwashe ta kafin hadari ya taso. Injin da ya tsaya a wannan ɗan tsakani ya jawo asarar da ta fi kuɗinsa. Injinan da ke jere a filin kuwa, ko da yake sun yi kama da juna a ido, kowanne ɗan zamaninsa ne, an ƙera shi domin warware wata matsala ta wancan lokaci, kuma ya taho da ajizancin lokacin. Wanda ya san wannan tarihi yana iya karanta layin gwanjo kamar yadda dillalin shanu ke karanta haƙora.

Nauyin da ya haifi injin

A ƙasashen da hunturu ke kashe makiyaya wata biyar ko shida, kiwon shanu lissafin ingirici ne. Saniya ɗaya takan ci kimanin kilo 13 na busasshiyar ciyawa a rana, wanda ya kama kusan tan 2 a cikin kwana 150. Mai shanu 30 ke nan yana buƙatar wajen tan 60 kafin ciyawa ta sake tsirowa. Shekaru aru-aru da hannu ake tara wannan kaya, a yanka da lauje, a juya, a loda a keken doki, a jibge a rumfa ko a yi tsibi a fili.

A 1940 kamfanin New Holland na jihar Pennsylvania ya fara sayar da injin da wani manomi mai suna Edwin Nolt ya ƙirƙiro, wanda ke tsintar ciyawa daga ƙasa, ya matse ta, ya ɗaure da igiya da kansa, ya fitar da ƙaramin dami mai kusurwa huɗu kamar bulo. Wannan ya rage wahala ƙwarai, amma bai kawar da ita ba. Kowane dami nauyinsa ya kai kilo 20 zuwa 25, kuma tan 60 na nufin dami kusan 2,700. Kowanne sai an ɗaga shi zuwa kan keke, a sauke, a jera a rumfa, sa'an nan a sake ɗaukowa a kai wa shanu. Aikin kuma a tsakiyar zafin bazara yake faɗowa, cikin ƙura da ƙaiƙayi, da gaggawar gudun ruwa, domin irin wannan dami yana shan ruwa kamar soso.

Muddin akwai samari a ƙauye, abin yana yiwuwa. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙauyukan Amurka suka fara zubewa cikin birane. A 1935 ƙasar tana da gonaki kusan miliyan 6.8, kafin tsakiyar shekarun 1970 ba su kai miliyan 3 ba. 'Ya'yan manoma sun tafi masana'antu da jami'o'i, 'yan ƙwadago sun yi tsada, aka bar dattawa da dami dubu biyu da ɗoriya a fili. Wannan rashin hannu shi ne asalin injin naɗi.

Daga Nebraska zuwa Iowa

Tunanin naɗe ciyawa maimakon matse ta ya girmi wannan zamani. Ummo Luebben, mutumin Nebraska, tare da ɗan'uwansa Melchior, sun fara aikin irin wannan inji tun farkon ƙarni na 20, aka yi masa rajistar haƙƙin ƙirƙira a 1910. Hikimar abin a fili take: idan aka naɗe ciyawa, tsawon kararenta yakan kwanta a kewayen damin, ruwan sama kuma ya zame ta kai kamar yadda yake zamewa daga jinka. Kamfanin Allis-Chalmers na jihar Wisconsin ya sayi haƙƙin a 1940, ya fitar da injinsa mai suna Roto-Baler a 1947, ya kuma sayar da kimanin 70,000 kafin 1960.

Roto-Baler ƙananan dammai yake yi, waɗanda mutum ɗaya zai iya ɗagawa. Ana iya barin su a fili ruwa ya dake su ba su lalace sosai ba, wannan kuwa ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai dole direba ya tsayar da tarakta a kan kowane dami har igiya ta gama zagayawa, kuma ɗaukar kayan tana nan yadda take. Injin ya kuma yi ƙaurin suna wajen fizgar hannun wanda ya yi ƙoƙarin cire cushewa yana juyawa. Har yau ana cin karo da shi a gwanjo da kuɗi kaɗan, amma matsayinsa na kayan tarihi ne.

Juyin da ya sauya kiwo ya zo ne daga Iowa. A 1965 da 1966 Farfesa Wesley Buchele na Jami'ar Jihar Iowa da ɗalibinsa Virgil Haverdink suka ƙera injin da ke yin katafaren dami mai faɗin kusan mita ɗaya da rabi. Manufarsu ita ce a yi damin da ya fi ƙarfin ɗan Adam gaba ɗaya, ta yadda tarakta ce za ta ɗauka. A 1971 kuma Gary Vermeer, manomi kuma maƙeri a garin Pella, ya ji wani abokinsa yana cewa zai sayar da shanunsa saboda ba ya samun masu taya shi kwasar ciyawa. Vermeer da ma'aikatansa suka haɗa injin da ke naɗe ciyawa a cikin jerin bel-bel na roba, suka kai shi kasuwa da kirarin cewa mutum ɗaya ya isa aikin ciyawa. Ton 60 ɗin nan da a da suke dami 2,700 suka koma dami 150 masu kilo 400, kuma babu ko ɗaya da za a taɓa da hannu. Cikin 'yan shekaru John Deere da New Holland da Hesston da International Harvester duk suka fito da nasu.

Darasin farko ga mai saye yana nan: tun asali an ƙera wannan inji ne bisa zaton cewa akwai taraktar da za ta ja shi, ta kuma ɗauki abin da ya haifa. Ana auna dami da ƙafa, faɗi sa'an nan tsayi: 4 da 4, 4 da 5, 5 da 5, 5 da 6. Ƙaramin na iya wadatuwa da tarakta mai ƙarfin doki 40 zuwa 50, babban kuwa yana son 70 ko fiye, kuma daminsa kan haura kilo 600. Manomin da ya ga babban inji da araha ya saya, alhali taraktarsa ƙarama ce, zai gane kurensa a kan gangare, lokacin da inji da dami suka fara tura shi daga baya. Dole kuma a duba ko sandar juyin bayan taraktar mai zagaye 540 a minti ce ko mai 1,000, da ko tana da isassun bakunan haidurolik na buɗe ƙofar baya. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Gida uku: bel, sarƙa da rola

Injinan shekarun 1970 gwaji ne a bainar jama'a, kuma babbar matsalarsu ita ce fara dami. Kafin ciyawa ta naɗu, sai ɗan dunƙule na farko ya fara juyawa a cikin injin. Samfuran farko masu bel, ciki har da John Deere 410 da 510, suna tura ciyawa ne ta tsakanin roloi biyu masu matsewa, abin da manoma ke kira rufaffen maƙogwaro. Idan ciyawa ta bushe ƙayau har ta yi santsi, ko kuma ta yi laima, sai dunƙulen ya ƙi juyawa, maƙogwaron ya cushe, direba ya sauko yana tono da hannu cikin rana. Mutane da dama sun rasa hannu, waɗansu ma rai, a irin wannan tono da injin bai tsaya ba. A farkon shekarun 1980 aka koma buɗaɗɗen maƙogwaro, inda ciyawa ke shiga kai tsaye cikin ɗakin naɗi. John Deere 430 da 530 na wannan zuriya ne, 435 da 535 suka biyo baya a ƙarshen shekarun. Tazarar farashi tsakanin 510 da 535 a filin gwanjo ba ta shekaru kaɗai ba ce; tazara ce tsakanin injin da sai an lallashe shi da wanda ke fara dami da kansa.

New Holland ta bi wata hanya daban. Samfurinta na 850, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1970, da magadansa irin su 851 da 855, suna naɗi ne da manyan sarƙoƙi biyu waɗanda aka gitta musu sandunan ƙarfe. Irin wannan inji ba ya zaɓen abinci: busasshe ko mai laima, karan masara ko ciyawar fadama, duk yana naɗewa. Aibinsa shi ne daminsa bai cika tauri ba, yana kuma kakkaɓe ganyen alfalfa, ciyawar da ke cikin dangin wake, wadda kamar harawa duk amfaninta a ganye yake. Sarƙar kuma idan ta cinye, kuɗin sabuwa kan kusanci kuɗin da aka sayi tsohon injin gaba ɗaya. Daga baya kamfanin ya haɗa rola da bel a samfuran da suka fito wajen farkon shekarun 1990.

A Turai kuwa yanayi ne ya tsara ƙira. Ciyawar Jamus da Ingila da Faransa ba ta samun rana irin ta Nebraska, sau da yawa da laimarta ake kwashe ta. Kamfanonin Jamus suka ƙera injin da ɗakin naɗinsa girma ɗaya gare shi, ba ya buɗuwa tare da dami. Welger na Wolfenbüttel yana cikin na farko, Claas ya fitar da Rollant mai rolar ƙarfe a kewaye a 1976, Krone kuma ya biyo da nasa mai sarƙa a 1977. A irin wannan ɗaki ciyawa tana tumurmusa sakaka har sai wurin ya cika, sa'an nan matsi ya fara daga waje. Sakamakon shi ne dami mai taushin ciki da taurin baya, wanda ke ɗan shan iska. Injin mai bel kuwa yana matse damin tun daga cibiya, don haka yakan fi nauyi, kuma direba na iya tsayar da shi a girman da ya so.

Abubuwa biyu suka ƙaru a shekarun 1980. Na farko raga ce ta leda a madadin igiya. Igiya sai dami ya juya sau ashirin ko fiye kafin ta gama ɗaurewa, tarakta na tsaye tana ƙona mai. Raga zagaye biyu ko uku ya ishe ta, kuma ta fi kare damin daga ruwa. Na biyu shi ne lulluɓe ɗanyen dami da leda mai miƙewa don ciyawar ta tsima a ciki ba tare da iska ba, dabarar da ta ceci manoman ƙasashe masu yawan ruwa daga jiran rana. Ɗanyen dami yana iya kusan ninka busasshe a nauyi, kuma tsofaffin injinan bel na Amurka ba a yi su domin wannan kaya ba. Ɗanyar ciyawa takan nannaɗe musu rola ta kawar da bel daga hanya. Saboda haka tambayar da ke biye da ta tarakta ita ce ta irin ciyawa. Mai busasshiyar ciyawa a ƙasa mai rana, bel ya fi masa. Mai niyyar tsima ɗanya, rolar ƙarfe ta fi masa. Mai dami 150 a shekara kuma yana iya haƙura da igiya, domin 'yan mintocin da raga za ta rage masa ba su kai bambancin farashin ba, musamman idan yana da rumfar ajiya.

Shekarun karyewa da marayun injuna

Tsohon inji yana rayuwa ne gwargwadon samuwar kayan gyaransa, wannan kuwa ya rataya ne a kan abin da ya sami kamfanonin a shekarun 1980. A shekarun 1970 manoman Amurka sun ci bashi sun faɗaɗa gonaki, suna dogaro da tsadar hatsi da hauhawar darajar ƙasa. A Janairun 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa takunkumin sayar wa Tarayyar Sobiyet hatsi, a ƙarshen shekarar kuma kuɗin ruwan bankuna ya haura kashi 20 cikin ɗari. Darajar gonaki a Iowa ta faɗi da fiye da rabi tsakanin 1981 da 1986. Dubban iyalai suka rasa gonakinsu, kayan aikinsu suka cika filayen gwanjo, sayen sabon inji ya tsaya cak.

Kamfanoni suka bi sahun manoma. International Harvester ya sayar da sashensa na noma ga Tenneco, aka haɗe shi da Case a 1985. A shekarar dai Allis-Chalmers ya sayar da nasa ga kamfanin Deutz na Jamus, daga nan AGCO ya samo asali a 1990, ya kuma sayi Hesston a 1991. Ford ya sayi New Holland a 1986, Fiat na Italiya ya karɓe shi a 1991, a 1999 kuma aka haɗa New Holland da Case a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Welger ya koma hannun Lely, daga baya sashen ya faɗa hannun AGCO a 2017. Gehl, wanda ya daɗe yana ƙera injinan naɗi a Wisconsin, ya daina yin kayan aikin gona irin waɗannan a 2006. John Deere da Vermeer da Claas da Krone suna cikin waɗanda suka tsallake da sunansu.

Wannan jerin saye da sayarwa yana da ma'ana ta zahiri ga mai kuɗi kaɗan, domin launin fenti ba ya nuna uba. A 1987 Case da Hesston suka kafa masana'antar haɗin gwiwa a jihar Kansas, saboda haka jajayen injinan Case IH na jerin 8400 ƙirar Hesston ce a cikin rigar wani gida. Bayan haɗewar 1999 kuma injinan Case IH suka zama tagwayen na New Holland. Wanda ya san wannan zai iya samun kayan gyara a shagon da bai yi zato ba. Wanda bai sani ba kuma yana iya sayen maraya, injin da kamfaninsa ya shuɗe, ya yi ta neman wani ɗan ƙarfe a tsakiyar kakar ciyawa, hadari na haɗuwa a yamma. Boris da sarƙa da bel kayan gama-gari ne, ana samunsu ko'ina. Akwatin giya da na'urar ɗaure igiya da allon lantarkin da ke nuna wa direba cikar dami kuwa sai na gidan. Shi ya sa tsofaffin manoma kan ce kafin a duba inji a duba wane dila ne ya fi kusa da gona. Samfurin da aka ƙera da yawa kuma yana da wata fa'ida: gawarwakinsa sun cika wuraren kwance injuna, kowane makanike a yankin ya san cikinsa.

Inda shekaru ke ɓuya

Shekarar ƙira ba ta faɗin tsufan injin naɗi. Yawan damin da ya yi da wurin da ya kwana su ke faɗa. Injin ɗan jinga mai shekara biyar yana iya fin na ƙaramin manomi mai shekara ashirin gajiya. Galibi akwai ma'aunin ƙirga dami, amma ana iya canja shi, don haka ƙarfe ya fi shi gaskiya. Bangon cikin ɗakin naɗi ciyawa ke goge shi a hankali har ya yi siriri ko ya huje. Haƙoran faifan da sarƙa ke hawa idan sun yi tsini sun lanƙwashe, aiki ya ci su. Sabuwar walda a jikin ƙofar baya ko a sandar ja shaida ce ta tsohuwar karaya. Tsatsa a ƙasan inji da fashewar roba suna nuna a waje ya yi ta kwana.

A injin bel, bel ɗin ne babban kashi. Ana duba gefunansa ko sun tsattsage, da wurin da aka ɗinke bakinsa da ƙarfe, da ko tsawonsu ya zo ɗaya, domin idan ɗaya ya fi sauran saki dami zai fito a karkace. Cikakken jeri sabo kuɗi ne mai yawa, kuma ya kamata a cire shi daga farashi tun a wurin ciniki. Sai sashen gaba mai haƙoran tsintar ciyawa, wanda shi ke karo da duwatsu da kututture. Haƙori ɗaya ɗaya ba tsada, amma lanƙwasasshiyar sanda ko cinyayyen layin da ke juya su aiki ne babba.

Mafi haɗari shi ne boris. Kowace rola tana da shi a gefe biyu, kuma idan ya mutu yakan yi zafi har ya yi ja, a cikin akwatin da ke cike da busasshiyar ciyawa da ƙura da giris. Mutuwar boris na cikin manyan dalilan gobarar injin naɗi, gobarar da kan haɗa da tarakta da gona. Hanyar ganewa ita ce a haɗa injin da tarakta a bar shi ya juya na kusan rabin sa'a, a kashe komai, sa'an nan a auna zafin kowane boris da ɗan ma'aunin zafi mai haske. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi ajalinsa ya kusa. Fenti da ya ƙone a kewayen rola kuma labarin wata tsohuwar wuta yake bayarwa. Duk wannan ya sa sayen inji daga hannun maƙwabcin da zai yarda a ga yana naɗi a gona ya fi na gwanjo kwanciyar rai, domin gwanjo sau da yawa cinikin biri a sama ne.

Lissafin ƙarshe

Akwai tambayar da ta kamata a yi kafin duk waɗannan, ita ce ko sayen ma ya wajaba. Inji yana cin kuɗi ko ya yi aiki ko bai yi ba: darajarsa na raguwa, ana gyara, ana tanadar masa rumfa. Idan aka raba wannan nauyi a kan dami 1,500, kowanne kaɗan zai ɗauka. Idan a kan 150 ne, kowane dami ya ɗauki ninki goma. A lissafin takarda, sau da yawa ya fi wa mai ƙaramin garke araha ya kira ɗan jinga ya naɗe masa a biya shi kan kowane dami, ko ma ya sayi ciyawar a shirye. Abin da takarda ba ta nunawa shi ne layi. Ɗan jinga babban abokin cinikinsa yake fara zuwa wa, kuma ranar da ciyawar ƙaramin manomi ta bushe ita ce ranar da ta kowa ta bushe. Ruwa ɗaya a kan yankakkiyar ciyawa yana wanke mata daɗi da amfani, idan kuma aka yi gaggawa aka naɗe ta da danshin da ya haura kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, sai ta yi fumfuna ko ta ɗau zafi, wani lokaci har ta kama wuta a rumfa. Abin da manomin ke biya a gwanjo ke nan: ikon fita gona a ranar da ya ga dama.

Ajiya ma tana cikin lissafin. Alƙawarin Luebben cewa naɗaɗɗen dami na iya kwana a waje gaskiya ne, amma da iyaka. A damin da faɗinsa ya kai santimita 150, ɓawon waje mai kaurin santimita 10 kaɗai ya ƙunshi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ciyawar duka. Sakakken dami daga gajiyayyen inji, wanda aka ajiye a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, yana iya asarar wannan ɓawo kafin bazara. Injin da ke matsewa da kyau, da ɗan tsakuwa ko katako a ƙarƙashin dami, suna mayar da kuɗinsu a cikin shanu ba a gani.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, suna kuma cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma layin gwanjo ya tabbatar da maganganun biyu. Injinan farkon shekarun 1970 sun fi kowa araha domin a jikinsu aka koyi sana'ar. Na baya-bayan nan, masu kwamfuta da wayoyi, an yi su ne domin mai dami dubbai, kuma gyaransu sai dila. A tsakani akwai zuriyar ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 2000, lokacin da aka riga aka warware matsalar maƙogwaro, ƙirar ta zauna, amma har yanzu mutum da sifana da bindigar giris yana iya kula da abinsa. Yawancin ƙananan manoman da suka dace a wannan zango suka dace: inji daidai taraktarsu, daidai ciyawarsu, daga gidan da har yanzu ƙofarsa ke buɗe, tare da ajiye wani kaso na kuɗin domin boris da bel kafin kakar farko.

Abokin Gary Vermeer da ya so sayar da shanunsa a 1971 mutum ne da ya rasa mai taya shi kwasar ciyawa.  Shekara hamsin da ɗoriya bayan haka, sabon injin ya yi tsadar da irin wannan mutum ba ya iya kusantarsa, sai bayan ya ratsa hannu biyu ko uku ya sauko gwanjo. A can ne, bayan fenti ya koɗe, yake komawa wurin wanda aka ƙera shi dominsa tun farko.